Motar iyali mai kujera bakwai: Sienna, Highlander, Pilot ko Sharan?

Duk magidancin da yaransa suka kai huɗu biyar ya san ranar da Corolla ko Camry ke daina isa, uwargida a gaba riƙe da jariri, baya an cusa huɗu wani kan cinyar wani, in kuma Hajiya ta ce za ta bi ku gaisuwa to sai dai a yi sawu biyu ko a tari Adaidaita. Daga nan ake fara maganar mota mai kujera bakwai, kuma kowa ka tambaya da tasa, dillali ya ce Highlander, makanikinka ya ce Sienna, abokin aiki ya ce ai Pilot ta fi sauƙin kuɗi. Abin da yawancinsu ba sa faɗa maka shi ne akwai motar da in mutum bakwai suka zauna a ciki ko kular abinci ba ta da wurin ajiyewa, akwai kuma wadda za ta kwashe su har da buhun shinkafa da akwatunan 'yan makarantar kwana. A kan wannan nake so ka tsaya kafin ka kalli fenti.

Abubuwan da za ka auna

Na farko su waye za su zauna a layin baya. In yara ne 'yan ƙasa da shekara goma, kusan kowace mota za ta yi, amma yara girma suke yi, ɗan shekara takwas na yau nan da shekara biyar ya fi uwarsa tsayi, motar kuma ba kowace shekara za ka canza ba. In manya ne, misali gida mai mata biyu da ake fita tare, ko kana da tsohuwa mai ciwon gwiwa, to yadda ake shiga da fita ma abin dubawa ne.

Na biyu but, wato wurin da ya rage bayan an ɗaga duk kujerun. Kar ka yarda a nuna maka but da kujerun baya a kwance, ka ce a ɗaga su ka gani da idonka.

Na uku hanyarka. Kwalta ce daga ƙofar gida har garinku, ko akwai burji da yashi da kwazazzabon da damina ke ci duk shekara? Unguwarku ma, in irin wadda ruwa ke kwanciya ce a watan Agusta, da tudun rage gudun da kowa ke ginawa ƙofar gidansa yadda ya ga dama, tsayin motar daga ƙasa zai dame ka kullum.

Na huɗu mai. Tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, don haka inji mai silinda shida ba abin da za ka saya da ka ba ne. Sai kayan gyara da makaniki, sai kuɗin saye da kuma yadda za ta sayu ranar da ka gaji da ita. Farashi dai dala yake bi, tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kuɗin tokumbo da na kwastan suka yi sama tare, abin da bai cika canzawa ba shi ne jerin wace ta fi wace tsada, shi zan bi a nan.

Toyota Sienna

Zan daɗe a kanta don ita ce ma'aunin sauran. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne na 2004 zuwa 2010, sai na 2011 zuwa 2020 ga mai ɗan ƙarfi. Akwai mai kujera bakwai, wadda tsakiyarta kujeru biyu ne rabe da hanya a tsakani, akwai mai takwas. Mai bakwai ɗin ta fi daɗi ga manya don yaro zai bi ta tsakiya ya wuce baya ba sai an ce wa kowa ya sauka ba, mai takwas kuma ta fi wa mai yara da yawa. Layin bayanta babba zai zauna daga Kano har Maiduguri bai ce komai ba, kuma bayan kujerun akwai wani rami mai zurfi, wurin kaya ya haura lita 1,000 da kowa a zaune, kusan ninki huɗu na Highlander ke nan. Buhu biyu, jarkar mai, akwati uku, kula a sama, duk su shige a rufe. Ƙofar zugewa kuma sai mai ƙananan yara ya san darajarta, ba yaron da zai banko ƙofa ya daki motar maƙwabci, ƙasan motar kuma ba tsayi, Hajiya za ta taka ta shiga ba sai an tallafe ta ba. Akwai esi na baya daban, wanda a zafin Afrilu shi ne bambancin tafiya lafiya da kukan yara tun daga Kwanar Ɗangora.

Inji: na 2004 zuwa 2006 lita 3.3 ne mai tayimin bel, ana canza shi wajen kowace kilomita dubu 145, tunda kuma ba ka san yaushe mai ita na farko ya canza ba, kawai ka canza da ka saya har da famfon ruwa. Daga 2007 suka koma lita 3.5 mai sarƙa, ya fi ƙarfi kuma ba ruwanka da bel, shi ya sa in kuɗinka ya kai nake cewa ka tsallake zuwa 2007 ko sama. Sai dai na farko-farkon wannan injin akwai wani tiyon roba na baƙin mai da yake fashewa, ka sa makaniki ya duba ko an mayar da shi na ƙarfe, in ba a yi ba a yi, ƙaramin aiki ne amma in ya fashe a hanya inji ne zai tafi. Shan mai, lita ɗaya wajen kilomita 7 a cikin gari, wajen 10 a doguwar hanya, kenan Kano zuwa Abuja mai kusan kilomita 430 ka yi lissafin lita 45 zuwa 50 da kaya da esi. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Inda take da matsala: ƙasa take, wajen santimita 17, in aka loda ta bayan ya ƙara zama, sai ka ji salansa na gogar tudu. Ƙofar zugewa mai lantarki wayarta na tsinkewa, gyaran ba arha ba, da yawa kashe ta suke yi su koma ja da hannu, ni ma in zan zaɓa gara samfurin LE mai ƙofar hannu a kan samfurin XLE da komai nata lantarki ne ya tsufa. Dashbod na 2004 zuwa 2010 yana tsagewa a rana. Mai jan ƙafa huɗu kuma ka kula, ba ta zuwa da safaya daga kamfani, wasu tayoyi na musamman aka yi ta da su, a nan kuwa taya ta yau da kullum za ka sa, ƙarshenta safaya ta dawo cikin but ta cinye wurin da ka sayi motar dominsa.

Babban haɗarin Sienna shi ne ka sayi wadda ta yi haya. Je tashar Jabi ko Kawo ko Unguwa Uku ka ga yadda suke jere, wannan shaida ce cewa motar na jure wahala kuma duk ranar da ka ce za ka sayar kafin la'asar ka samu mai saye, amma kuma shi ne ya sa ta hannu da yawa sun yi shekaru suna Abuja da dawowa, an yi musu fenti an mayar da mita baya. Ka ɗaga kafet, ka duba robar fedal da sitiyari ko sun cinye fiye da abin da mita ke faɗa, ka duba ko an ƙara wa sifirin na baya ƙarfi, ka duba kujerar direba ko ta lotsa. Sannan akwai maganar da mutane ba sa so su faɗa a fili, wasu ba sa son ta don wai kamar motar haya, a shingen hanya ma an fi tsayar da ita. In wannan zai riƙa cin ranka duk safiya to ka san da shi tun yanzu.

Toyota Highlander

Ita ce wadda zuciya ke so. Ta fi tsayi, wajen santimita 20, tana da kwarjini a ƙofar ɗaurin aure, inji kusan ɗaya da na Sienna ne don haka makaniki da kayan gyara duk ɗaya, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ba abin da za ka nema ka rasa. Na 2001 zuwa 2007 ƙarama ce, layin baya ma sai daga 2004 aka fara sa wa wasu, na 2008 zuwa 2013 ita ce aka fi nema. Ka lura ba kowace Highlander ce mai layi uku ba, akwai masu kujera biyar da yawa, kar ka biya kafin alƙalami ta waya ba ka ga hoton bayan ba.

To amma layin bayan nan na yara ne, gaskiya. Babba in ya shiga gwiwarsa na kusa da ƙirjinsa, daga gida zuwa masallacin Idi zai jure, Kano zuwa Kaduna kuwa sai an tsaya a Zariya ya miƙe ƙafa. In kuma aka ɗaga kujerun abin da ya rage a but bai kai lita 300 ba, jakar hannu biyu da ledar burodi, shikenan. Shi ya sa za ka ga Highlander a hanyar Sallah da kaya ɗaure a sama ko akwati a kan cinyar yara. In ku biyar ne ko shida, na bakwai ɗin sai jefi-jefi, mota ce mai kyau ƙwarai. In ku bakwai ne cif kullum, za ka biya kuɗin da ya fi na Sienna ta shekara ɗaya ka samu wurin da bai kai nata ba. Akwai mai silinda huɗu lita 2.7 daga 2009, tana ɗan rage mai a gari, amma da lodi da esi sai ka taka ta sosai, ragin ba ya kai yadda ake zuzutawa. Ɓarayi ma suna son ta kamar yadda kake son ta, ka sa tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take.

Honda Pilot, da 'yar uwarta Odyssey

Pilot, musamman ta 2009 zuwa 2015 mai siffar akwati, a wajen wuri ta fi Highlander, kujera takwas ce, layin baya matashi zai zauna ba takura sosai, but kuma wajen lita 500 da kowa a zaune. Tsayi daga ƙasa kusan ɗaya da Highlander, shan mai kusan ɗaya, kuɗin saye kuma ƙasa da ita. A takarda ita ce ta haɗa abin da Sienna da Highlander suka raba. Abin da ya sa take arha shi ne ba ta yafe sakaci. Giyarta man Honda take so, in makaniki ya zuba mata duk jan man da ya samu a bakin titi za ka ji ta fara fizga. Injinta bel ne, kuma irin wanda in ya tsinke yana tafiya bawul ke lanƙwashewa, aikin ya koma na sauke kan inji. Tana da wani tsari da ke kashe wasu silinda don rage mai, in ya tsufa yana jawo shan baƙin mai da ɓata fulogi da cin maunti na inji, sai ka ji motar na kakkarwa. Duk ana gyarawa, amma sai wanda ya san Honda, kuma a Kano ko Kaduna ko Abuja akwai su, a ƙaramar hukuma kuwa da wuya. Ranar sayarwa ma za ta ɗan daɗe a hannunka.

Odyssey kuwa Sienna ce ta Honda, wuri kamar ɗaki, tuƙi ma wasu sun fi jin daɗinta, amma ta fi Sienna zama ƙasa, kuma na 1999 zuwa 2004 sun yi suna wajen mutuwar giya. In za ka saya daga 2007 zuwa sama, kuma hanyarka kwalta ce.

Sharan, Galaxy, Alhambra

Ƙirar farko mota ɗaya ce da suna uku, Sharan ta Volkswagen, Galaxy ta Ford, Alhambra ta Seat, a masana'anta ɗaya a Fotugal aka riƙa ƙera su tun 1995. Su suka gaji tsohuwar Peugeot 504 doguwa ta kamfanin PAN na Kaduna a tashoshin arewa, kuma duk wanda ya taɓa hawa Sharan daga Kano zuwa Jos ya san abin da take iya ɗauka. Kuɗinta ƙasa sosai da duk na sama, yawanci giyar hannu ce wadda ba ta da fargabar otomatik, mai lita 2.0 silinda huɗu ta fi su sauƙin mai, kujerun kuma ɗaiɗai suke, kana iya cire biyu ka loda kaya ka mayar gobe. Makanikanta na nan a kowace tasha. Matsalar shekaru ne, yawancin na kasuwa sun haura shekara ashirin, wayarin ya gaji, gilas ya ƙi sauka, esi sau da yawa sai an yi masa aiki daga tushe, kuma samun wadda ba ta yi haya ba sai an tona. Da kujera bakwai a ɗage but ɗin ma ba wani babba ba ne. Mai dizal tana da tsimi amma dizal ɗin ya fi fetur tsada kuma masu gyaran famfonta ba su da yawa, mai silinda shida kuma bar ta kawai, ta haɗa shan man Sienna da rigimar tsufa.

A wannan aji akwai Toyota Picnic da Avensis Verso, ƙanana ne, lita 2.0, ba sa shan mai, ba sa rigima, amma layin baya na yara ne kuma but kusan babu. Don kai yara makaranta da Islamiyya a cikin gari sun wadatar.

Prado

In garinku sai an ratsa yashi ko rafi, ko aikinka na shiga ƙauyuka ne, ita ce kawai a jerin nan da aka gina don haka, sauran duk motocin kwalta ne da aka ɗan ɗaga. Amma kuɗinta wani aji ne daban, taya da mai ma haka, hawa sai an taka matakala, layin bayan kuma bai fi na Highlander daɗi ba. Mai lita 2.7 da lodi nauyi take ji.

| Mota | Kuɗin saye | Layin baya | But da kowa a zaune | Mummunar hanya | Gyara | Sayarwa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Sienna | matsakaici | manya | babba sosai | da lallami | ko'ina | nan take |
| Highlander | sama da Sienna | yara | ƙarami ƙwarai | ba laifi | ko'ina | nan take |
| Pilot | ƙasa da Highlander | matasa | matsakaici | ba laifi | sai masanin Honda | da jira |
| Odyssey | ƙasa da Sienna | manya | babba | a'a | sai masanin Honda | da jira |
| Sharan da 'yan uwanta | arha | manya a takure | ƙarami | da lallami | arha amma a kai a kai | 'yan haya na saye |
| Picnic, Avensis Verso | arha | yara | kusan babu | da lallami | sauƙi | ba wuya |
| Prado | tsada sosai | yara | ƙarami | gidanta ne | akwai, da tsada | tana riƙe daraja |

Kafin ka biya, ko wacce ce

Takardar kwastan tukuna. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin tudu, don haka duk wadda aka ce maka ta Kwatano ce ka ɗauki takardun ka je ofishin kwastan da kanka a duba ko diyutin gaske ne, in ba haka ba wata rana a hanyar Kaduna za a sauke ka da iyalinka a bakin titi. Sannan lambar bodi mai harufa da lambobi 17, ka sa a bincika ta a intanet, tokumbon Amurka da yawa daga gwanjon motocin haɗari suke, bugun bamba ba komai ba ne, amma wadda ambaliya ta shanye ka guje ta, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko ƙarfen ya yi tsatsa. Mitar Amurka mil take ƙirgawa, in ka ga 150,000 to kilomita 240,000 ne. Ka je da makanikinka, ba na dillali ba, a sa mata kwamfuta, a tashe ta da sanyin safiya, a leƙa ƙasa a ga ko an cire abin da suke kira indomi, wato matatar hayaƙi, a salansa. Ka kwashi mutum shida ku hau ku zaga da esi a kunne, nan za ka ji giya da shokozoba da gaske, ka kuma duba ko bel ɗin ɗaura na layin baya duk suna aiki, don can yaranka za su zauna. Bayan ka saya kuma kar ka bari a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don zafin arewa, kar kuma a riƙa zuba ruwan rijiya a lagireto, yawancin injinan nan na alminiyom ne, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya ƙona gaskit. Ka ware wani abu daga kuɗin don taya da bel da mayuka, kar ka ƙarar da komai wajen saye.

Masu tunanin mayar da ita gas kuma, tukunyar a but take zama. A Sienna ramin bayan nan zai ɗauke ta amma ka rasa rabin wurin kaya, a Highlander kuwa kusan sai ka haƙura da layin baya gaba ɗaya, kuma ka fara tabbatar akwai gidan gas ɗin a garinku.

Wa ya dace da wacce

In ku bakwai ne ko takwas da gaske, akwai manya a ciki, kuna tafiyar Sallah da hutun makaranta da kaya, hanyar kuma yawanci kwalta ce, Sienna, ta 2007 zuwa sama mai jan gaba, ka bar maganar mutane. In ku biyar ne ko shida kuma unguwarku ko garinku hanyar ba ta da kyau, Highlander ta 2008 zuwa 2013. In kana son tsayi da wuri a tare, kana babban gari, kana da makanikin Honda da ka yarda da shi kuma kai mai bin lokacin sabis ne, Pilot za ta ba ka fiye da kuɗinka. In kuɗin kaɗan ne kuma zirga-zirgar cikin gari ce da ƙananan yara, Picnic ko Avensis Verso. In kuɗin kaɗan ne amma kana so motar ta riƙa ɗan fita lodi tana ciyar da kanta, Sharan mai giyar hannu da inji 2.0. Prado kuma sai wanda hanyar garinsu ta tilasta masa, ko wanda cika tanki ba ya sa shi duba aljihu.